Jiragen Da Na Haɗa Ban Ƙera Ba

Rurum Sabon Gari,
Ƙaramar Hukumar Rano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan tafiyarka. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Allah Ya tsare hanya, Ya sauke ku ƙasar Sin lafiya, Ya dawo mana da kai cikin aminci.

Shekaranjiya da na raka ka tashar Rano, na yi niyyar gaya maka abubuwa da yawa. Tun daga gida nake jera su a raina a kan babur. Da muka isa na tarar mota ta kusa cika, kwandasta yana ta kira, kai kuma ka tsuguna kana jiran abin da zan ce. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "To, a riƙe salla." Ka ce, "Insha Allahu, Baba." Na tsaya har motar ta sha kwana. Da na dawo gida Ummanka ta tambaye ni me na ce maka. Na gaya mata. Ta ajiye tsintsiya ta dube ni ta ce, "Malam, yaro zai yi shekara biyu a wata duniya, abin da ka samu ke nan?" Shi ya sa na zauna yau bayan la'asar da biro. Alhaji Bala direba zai kawo maka ita Kano gobe, tunda ka ce sai Talata za ku tashi.

Jiya a rumfata 'yan acaɓa suka yi ta musu. Sun ji a rediyo gwamnati za ta sayi jiragen yaƙi, an kuma zaɓi matasan injiniyoyi su je su koyo aikinsu, wai wataƙila nan gaba masu jiragen su ba da izini a riƙa haɗa wasu a nan gida. Ɗanjuma, wanda nake gyara wa birki, ya buga cinya ya ce, "Malam Sale, ashe ɗanka ne zai ƙera mana jirgin yaƙi!" Na yi dariya tare da su. Amma bayan sun watse na daɗe riƙe da sifana ban juya ko noti ɗaya ba, domin ni ma na taɓa yin irin wannan maganar, kuma a gaban wanda bai kamata ba.

Ka san na yi shekara ashirin da biyu ina aikin jirage a Kaduna, amma ban taɓa zaunar da kai na gaya maka ainihin abin da muke yi ba. Akwatunan katako ake kawowa daga waje. Cikin kowanne akwai sassan jirgi, kowane sashi da lambarsa, har ƙusoshi a ƙirge suke zuwa cikin leda. Akwai littafi mai kauri da yake gaya maka wannan ya shiga nan, a ɗaure shi da ƙarfi kaza. Akwai kuma takardar yarjejeniya da manya suka sa wa hannu: jirgi nawa aka yarda mu haɗa, a wurinsu kaɗai za mu sayi kayan gyara, kuma ba za mu sauya komai ba sai da yardarsu. Jiragen ma ba na yaƙi ba ne, ƙanana ne da matuƙa suke koyon tuƙi da su kafin su hau na yaƙin. Duk da haka, ranar da na farko ya bar ƙasa, wallahi na yi hawaye. Hannuna ne ya ɗaure fiffikensa na dama. Muka yi hoto a gabansa, kowa yana washe baki.

Da hoton nan na tafi Unguwar Gai wurin kakanka, wanda ka ci sunansa. Na same shi a maƙera, ya ɗora fartanya a wuta, damina ta kusa, manoma suna zaune suna jira. Na shiga da kakina da takalmina mai sheƙi, ina ɗage ƙafar wando kada gawayi ya taɓa ni. Na miƙa masa hoton na ce, "Baba, ga jirgin da muka ƙera."

Ya goge hannu a jikin warkinsa, ya karɓa, ya matso bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Masha Allahu. Wannan fiffiken, wane irin ƙarfe ne?"

Na ce, "Alminiyam ne, Baba."

Ya ce, "Zallarsa, ko an gauraya shi da wani abu? Na ga kamar zallarsa ba zai ɗauki iska ba, laushi gare shi."

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "To a ina kuke narka shi?"

Na ce a yanke yake zuwa.

Ya gyaɗa kai. Babu ba'a a fuskarsa ko kaɗan, so yake kawai ya fahimta. Ya ce, "Ashe haɗawa kuka yi. To ai ita ma aiki ce, Allah Ya yi albarka."

Abba, manoman nan ba wanda ya yi dariya, amma ni ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na fizge hoton na ce, "Baba, wannan ba aikin fartanya ba ne, ba za ka gane ba." Ya dube ni sau ɗaya, ya koma ya ɗauki masaba. Na yi kwana uku a garin, bai sake ta da maganar ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba.

Don haka idan ka dawo, kowa zai tare ka da irin maganar Ɗanjuma. Kansila zai zo ya yi hoto da kai, za a ce ga ɗanmu da ya ƙera jirgi. Kada daɗin bakin mutane ya sa ka amsa sunan da ba naka ba. Abin da ka haɗa ka ce ka haɗa, abin da ka gyara ka ce ka gyara. Kuma duk wanda ya yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ko da tsoho ne mai warki, ka ce masa ba ka sani ba amma za ka bincika. Ni da na yi haka, da na zauna kusa da kakanka a ranar, da na koyi abin da ba ya cikin littafin nan mai kauri. Mutum ne da yake gane zafin ƙarfe daga launinsa. Ni ɗansa har yau ban iya ba.

Tare da akwatunan an turo mana wani Bature injiniya, dogo, mai yawan shan shayi, kullum da kofi a hannu, muna ce masa Mai Kofi. Mutumin kirki ne. Lokacin hutun rana yakan zauna a kan akwati ya ce duk mai tambaya ya zo. Mutum ɗaya ne yake zuwa kullum: Haruna, abokin aikina, wani ɗan siriri mutumin Kazaure, wanda na girme shi a aiki da shekara huɗu. Haruna ba ya jin kunyar tambaya. Me ya sa ƙusoshin nan suke da wannan tazarar? Me zai faru idan an matso da su? Me ya sa aka lanƙwasa nan ba a yi walda ba? Mai Kofi ya ɗauki fensir ya yi ta zana masa a bayan takarda, Haruna yana kwafewa a wani ɗan littafi da yake sawa a aljihu.

Wata rana ya ce mini, "Oga Sale, ka zo mana ka ji. Mutumin nan fa ba zai dawwama a nan ba."

Na ce, "Ni littafi ya ishe ni. Kai da kake neman zama Bature sai ka je."

Gaskiyar magana ita ce tsoro nake ji. Ni ne ake nunawa a ce wannan hannunsa ya faɗa, ba ya kuskure. Ina gudun in buɗe baki yara su gane iyakar sanina ɗaure noti ne. Sai in tafi wurin mai shayi mu yi ta hirar wa za a ƙara wa girma. Mai Kofi ya yi wata goma sha huɗu ya tafi da duk abin da yake kansa, sai ɗan abin da Haruna ya tsinta.

Can inda za ka, za su koya maka yadda ake yi. Wannan dole ne, don shi aka tura ku. Amma dalilin da ya sa ake yin sa haka, ba lalle su gaya maka ba sai ka nema, wani ma ko ka nema ba za su faɗa ba, kuma kada ka ga laifinsu, abincinsu ne. Ka tambaya da ladabi, ka sake tambaya. Ka yi abota da tsofaffin da suke tsaye a kan injin, ba masu kwat kaɗai ba. Ka bari a ce maka mai yawan tambaya. Abin da aka ce sirri ne kada ka taɓa, kada ka ɗauko ko takarda ɗaya da ba a ba ka ba, amana ce ta kai ka. Amma abin da aka buɗe maka, ka kwashe shi tas, ka rubuta da hannunka.

Yanzu zan gaya maka abin da ko Ummanka ba ta sani ba.

A zamanin soja akwai lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakaninmu da ƙasashen waje, akwatuna suka daina zuwa. Da farko mun ɗauka wata biyu ne ko uku. Aka shekara. Jirgi ya lalace, mu cire na wancan mu sa wa wannan, har ya zamana rabin rumfar da muke aiki gawawwakin jirage ne a jere, tantabaru suna sheƙa a kansu. A nan na gane abin da takardar nan take nufi. Jirgin naka ne a hoto, amma ranar da mai akwati ya yi fushi, a ƙasa zai kwana. Lokacin an ƙara mini girma, ni ne shugaban rumfa.

Akwai wani jirgi lafiyayye da ya zauna saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, wanda yake riƙe bututun mai. Ya tsage, babu wani. Ashe Haruna ya auna shi, ya zana, ya yi sati uku yana zama bayan an tashi yana sassaƙa irinsa a kan inji. Ya ɓata guda biyar kafin ya samu na shida. Wata safiya ya shigo ofishina ya buɗe hankici a kan tebur.

Ya ce, "Oga, duba."

Na ɗauka na juya shi. Na ɗauko tsohon na jera su. Abba, ban iya bambance su ba.

Ya ce, "Ban ce a sa shi a jirgi yau ba. A kai shi wurin manya, a nemi inda za a gwada ƙarfinsa. In ya karye mu san inda muka kuskure, in sake wani. In ya riƙe, to mun fara ke nan."

Na ce, "Wa ya ba ka izini?"

Ya ce, "Ba kowa. Amma Oga, har yaushe za mu zauna muna kallon tantabaru?"

Na ce masa yarjejeniya ta hana, kuma ran matuƙi ba abin wasa ba ne. Duka biyun gaskiya ne. Amma ba su ne suka sa na yi abin da na yi ba. Ina riƙe da ƙarfen nan sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji: ga ɗan talakawan Kazaure da ubansa bai taɓa riƙe masaba ba, ya yi abin da ni ɗan maƙeri ban ko yi tunaninsa ba. Hassada ce, ba ta da wani suna. Na jefa ƙarfen a aljihun tebur na kulle. Sannan na rubuta rahoto cewa ya yi amfani da kayan aiki ba da izini ba. Ban rubuta abin da ya yi da su ba. Aka mayar da shi sito yana tsaron gwangwanayen fenti. Ranar da zai koma can ya zo ya tsaya a ƙofa ya ce, "Oga Sale, na gode. Allah Ya bar zumunci." Bai cika shekara ba ya ajiye aiki.

Bayan na yi ritaya, shekarar da farar hula suka dawo, na je kasuwar Kibiya sayen iri. Na ga mutane sun kewaye wani injin casar masara, yana aiki tsaf, ba ƙara mai yawa. Na duƙa ina duba waldarsa, na ga aikin mai tsabtar hannu ne. Na tambayi mai shi daga wace ƙasa aka kawo. Ya ce, "Wace ƙasa kuma? A Kano aka yi shi. Wani Malam Haruna ne, da can a wurin jirage yake aiki." Na nemi kwatance. Sai na yi ta cewa bari a gama shuka, bari a gama girbi. Da na je daga baya, na sami shagon a buɗe, ƙaninsa a ciki. Ya ce ai Malam ya rasu tun azumin da ya wuce. Na zauna a kan benci na yi masa addu'a. Ƙanin ya tambaye ni ko ni abokinsa ne. Na ce mun yi aiki tare.

Ka ji ni da kyau a nan. Kada ka taɓa sa wa jirgi abin da ba a gwada ba, ko wa ya ba ka umarni, ko wa ya roƙe ka. Wanda zai hau shi yana da uwa, tana can tana jiransa kamar yadda Ummanka take jiranka. Amma idan wani na ƙasa da kai ya kawo maka abin da ya yi da hannunsa, ka tashi tsaye ka karɓa. Ka ɗauka ka hau da shi bene, ka ƙwanƙwasa kowace ƙofa har a gwada, kuma ka faɗi sunansa, ba naka ba. In ka ji irin abin nan da ya tokare ni ya taso maka, ka fita ka yi alwala kafin ka ɗauki biro.

Kuma kada ka raina haɗawa. Ba abin kunya ba ce, da ita ake fara sanin jirgi, ita ta ciyar da ku. Laifin shi ne a zauna a kanta har a tsufa. Kada kuma ku dawo kuna cika baki za ku ƙera inji a shekara ɗaya. Ku fara da ƙaramin abu, noti, bututu, irin ɗan ƙarfen Haruna, ku iya shi har ya zama ba a jiran kowa a kansa, sannan ku matsa gaba. Ni ka gan ni yanzu. Babura ake kawowa daga Kano a cikin kwali, in buɗe, in ɗaura ƙafa da kai, ɗan acaɓa ya hau ya tafi. Daga ƙasar da za ka ma ake kawo su. Na fara da buɗe akwatin wani, ga shi furfura ta same ni ina buɗe kwalin wani.

Abincinsu ka yi hattara, ka tambaya kafin ka ci. Ummanka ta sa maka yaji da kuka da dakakkiyar kuɓewa a ƙasan jaka, kada ka ji kunyar fito da su. Ka nemi alƙibla tun ranar farko. Kada ka yi wa kowa dariyar addininsa ko harshensa, kai ma baƙo ne.

Sai maganar gida. Shekarun Kaduna, sai in yi wata huɗu ban zo ba, kullum da hujjata: aiki, baƙi za su zo dubawa, babu hutu. Kakanka ya yi jinya sati biyu, aka aiko mini, na ce sai an gama wani aiki. Saƙo na biyu da ya zo, an riga an yi kwana uku da binne shi. Da aka tambaye ni yadda za a yi da kayan maƙera, na ce a ba mai so. Aka raba su. Yanzu duk ranar da na bi ta Unguwar Gai sai na rage gudu a daidai wurin. An yi shagon cajin waya. Nakan tsaya kamar mai duba taya, in yi ta sauraro, ni ma ban san me nake jiran in ji ba.

Kada ka yi mana haka. Ka san a nan waya ba ta kamawa sai a kan dutsen bayan makaranta. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan hau da ita, ni da Ummanka in ƙafarta ta bari, mu zauna har la'asar. An ce lokacinku ya sha gaban namu, kai ka lissafa yadda zai yi maka. Ko ba ka da labari ka kira. Ka ce mata ka ci abinci, ya ishe ta sati guda.

Akwai abu ɗaya da ya rage, shi ne ma na kasa faɗa a tasha. Kana da shekara tara na zo hutun salla. Ina zaune a zaure da baƙi ka shigo da wani jirgi da ka yi da karan dawa da gwangwanin madara, har da farfela da take juyawa in an hura. Daga baya Ummanka ta ce mini wata guda ka yi kana yin sa, ka hana kowa taɓawa, kana cewa sai Baba ya zo. Na karɓa na duba shi kamar yadda nake duba aikin yarana a rumfa. Na ce, "Fiffiken nan ya karkace, ba haka ake yi ba." Na miƙa maka na ci gaba da hirata. Na ga lokacin da ka mayar da shi bayanka, ka fita da baya da baya. Ba ka sake nuna mini wani abu da ka yi ba, har takardar sakamakonka ta jami'a a hannun Ummanka na gan ta.

Abba, jirgin nan ya yi kyau. Tun a ranar na ga ya yi kyau, bakina ne ya ƙi faɗa. Shekara goma sha bakwai ke nan ina son in gaya maka. Ka yafe wa mahaifinka.

Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya buɗe maka abin da ka je nema, Ya sa ya amfane ka ya amfani jama'a. Allah Ya sa muna da rabon sake ganawa. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sale.